Haɗe Jinsin Tsuntsu Ba Ɓacewarsa Ba Ne

Wasu masu kallon tsuntsaye a Kano, da sun ji an haɗe jinsi biyu ya zama ɗaya, sai su zaci ɗayan ya ƙare a duniya. Ba haka ba ne. Masana ne suka duba ƙwayoyin halitta, da kuka, da yadda suke barbara da juna, suka ga bambancin bai kai a raba su ba.

Dubi shirwar da ke shawagi saman kwata, mai rawayan baki. Wasu masana suna haɗe ta da mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai, wasu suna raba su. Idan aka haɗe su, lissafin jinsunan tsuntsayen da ka gani ka rubuta a littafinka zai ragu da ɗaya, kuma da ciwo, na sani. Amma ka ci gaba da rubuta launin bakin, domin wani binciken yana iya sake raba su.