Masuncin Teku Daga Unguwar Ali Ɗan Sofo

A kaf danginmu ba a taɓa yin masunci ba. Kakana gyaɗa ya noma, babana gyaɗa ya sayar, ni kuma tayoyin mota nake sarowa daga Kwatano in kawo Maraɗi. Ruwan da na sani shi ne Gulbi, wanda yake zuwa da damina kamar ɗan biki, ya kwashe kayansa ya bar mana rairayi. To me ya kai ni sayen sandar fatsar teku? Zaman jira ne.

Farkon 2023 kayana suka maƙale a tashar jiragen ruwa, kwana da kwanaki ba abin yi sai shan shayi. Wata yamma na bi bakin teku har na hau wata doguwar gada ta duwatsu da siminti da ta kutsa cikin ruwa. Can na tarar da wani dattijo ɗan Zango, Hausa a bakinsa raɗau, yana kokawa da kifin da ya kai tsawon hannuna. Sandar ta lanƙwashe kamar baka, amma ta ƙi karyewa.

Na ce, "Baba, ina ake sayar da irin wannan?"

Ya ce, "Ba a sayar da ita haka, ɗana. Tsurarta ake saye, ba zobe ba mariƙi, kai ne za ka yi mata sutura." Da ya ga idona ya faɗa, sai ya ƙara da cewa, "In za ka saya, sayi ta zaren gilashi. Tana da nauyi, amma uwargida ce, akwai haƙuri. Ta kabon kuwa amarya ce. Ba nauyi, ko kifi ya shinshina ƙugiya sai ta gaya maka. Amma ka kuskura ka buga ta da dutse, ba za ta ce komai ba, sai ta riƙe a zuci. Ranar da kake tsakiyar jama'a, ran nan za ta karye."

Na yi godiya, na dawo gida, na sayi ta kabon. Kada ku tambaye ni dalili. Ta fi tsada, shi ke nan, kuma Bamaraɗe ba ya son a ce ya sayi ta biyu.

Kafin sayen sai da na yi mako uku ina karatu a waya, har Hajiya ta fara zargin ko wata nake nema. Na gano mai jifa daga bakin rairayi ne ke buƙatar sanda mai ƙafa 10 zuwa 12, don ya tsallake igiyar ruwa. Wanda ke kan gada kuwa ruwa mai zurfi na ƙarƙashin ƙafarsa, ga mutane a bayansa da zai iya ƙwaƙule wa ido, saboda haka ƙafa 7 zuwa 9 ta ishe shi. Na zaɓi 9, tunda ita ce babba. Na ga an rubuta 15 zuwa 30 a jikinta, na yi ta shelar cewa sandata na ɗaga kifi mai kilo 30. Daga baya wani ɗan lakwal ya fahimtar da ni cewa ƙarfin igiyar da ta dace da ita ake nufi, kuma da laba ake lissafi, laba 30 ɗin ma ba ta cika kilo 14 ba. Na ce ya yi mini shiru, ba da kuɗin ubansa aka saya ba.

Abu guda ne ban karanta ba: akwai mai gaɓa biyu da ake harhaɗawa, akwai mai gaɓa ɗaya. Wani abokin fatauci mai zuwa Sin ya sako mini mai gaɓa ɗaya, jika 60 har da kuɗin ɗauko, cikin bututun roba mai kusan mita 3. Da na ɗauko ta daga tasha a kan kabu-kabu, na saɓa ta a kafaɗa, sai ka ce barden Sarkin Katsinan Maraɗi ranar hawan salla. Mai babur yana ta salati a kowace kwana. Kafin mu kai gida labari ya riga mu: Alhaji zai haƙa fanfo. Mata biyu har sun zo yi wa Hajiya barka, suna tambayar nawa za a riƙa sayar da jarka.

Yanzu ga inda abin ya faru. Masana sun ce kowace tsurar sanda tana da gadon baya, domin naɗe ta ake yi kamar tabarma lokacin ƙira, sai wani gefe ya fi wani tauri. Kafin ka ɗaura zobba sai ka nemo shi: ka kafa gindin a ƙasa, ka jingina kan a tafin hannu, ka danna tsakiya ta ɗan lanƙwasa, kana murzawa a hankali har ka ji ta yi tsalle ta zauna a gefe guda. Da azahar ne, watan Afrilu, zafin da ko ƙadangare ba ya fita, kuma an ɗauke wuta tun safe. Na shiga falo, na tara yara su ga ilimi. Na murza, na murza, sai kuwa na ji ta yi tsalle a hannuna. Wallahi daɗin da na ji ko ranar da aka ba ni biza ta Makka ban ji shi ba. Na miƙe, na ɗaga ta sama tsaye, na ce, "Kun gani?"

A daidai wannan lokaci aka kawo wuta.

Fankar sama, wadda aka bari a kunne kan lamba ta ƙarshe, ta ɗan yi gurnani ta juya. Na tsaya ina kallonta kamar wanda aka ɗaure. Ƙas! Kan sandar, wajen taƙi guda, wurin nan siriri mai jin shinshinar kifi, ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar furar Hajiya. Yara a waje suna ihun murnar an kawo wuta, nawa na ciki sun toshe baki. Hajiya ta sa ludayi ta tsamo guntun, ta girgiza shi, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Alhaji, ga kamun farko."

Ban karaya ba. Na ɗaura zobban bakin ƙarfe marasa tsatsa, irin na ruwan gishiri, da zaren nailan, na shafe da gam ɗin nan mai kwalba biyu, har ya manne mini yatsu kwana biyu. Sandar ta fito kyakkyawa, sai dai tauri kamar taɓarya.

Na tafi gwaji tafkin Madarunfa, kilomita 20 da 'yan kai daga gari, inda ake cewa waliyyai 99 na kwance kewaye da ruwan. Na yi fatan albarkarsu. Na ɗaura dalma mai oza 4, fiye da giram 100 ke nan, na wurga. Ƙarar faɗuwarta ta tashi tsuntsaye. Wani masunci ya tsayar da kwalekwalensa, ya dube ni, ya dubi sandar, ya ce, "Ranka ya daɗe, dorina aka ce maka ta shigo?" Na yi awa uku a rana. Da na gaji na naɗe igiya, sai ga 'yar ƙarfasa kamar tafin hannun jariri a ƙugiya, ta riga ta galabaita. Allah kaɗai ya san tun yaushe take can tana jiran a lura da ita. Na sayi tarwaɗa huɗu wurin mutumin nan na kai gida ina taƙama. Hajiya ta juya su, ta ce ba ta taɓa sanin ana kama kifi a tsire da kaba ba.

Na ce su jira in koma Kwatano, can ne gidan sandar. Ƙarshen watan Yuli aka yi juyin mulki, aka rufe iyakar Benin, hanyar Gaya ta toshe. Sandar ta koma bayan ƙofa.

Rannan na dawo daga kasuwa na tarar da Hajiya ta ɗaure tsumma a zoben ƙarshe tana share saƙon silin. Sandar da na yi ta bincike a kanta a yanar gizo, ga ta tana kwasar yanar gizo. Ta ce tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa samun abin shara mara nauyi irin wannan ba, kuma maƙwabta sun fara aro don tsinko mangwaro.

"Sai dai jiya ta ɗan tsage a gidan liman," in ji ta. "In za ka sake saye, Alhaji, ka ji maganar tsohon nan. Ka sayo mana ta gilashi."