Ai kun manta da shari'ar Lakanmi

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari. Ka kawo tarihin Mai Shari'a Adetokunbo Ademola, ɗan Alake, wato sarkin Abeokuta, tun daga majistare har ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 1958, baƙar fata na farko a kujerar. Amma ka tsallake inda ya nuna jarumta. A 1970, soja na kan mulki, kotunsa, wato Kotun Ƙoli, ta soke dokar da aka ƙwace dukiyar wani mutum mai suna Lakanmi da ita, domin hukunta mutum aikin kotu ne. Gwamnatin Gowon ta fusata, nan da nan ta fito da Doka ta 28 ta rushe hukuncin. Ya san da masu bindiga yake ja, bai janye ba. Don Allah a ƙara wannan, ɗaliban lauya su karanta.