Busar bakin hanya ta isa kamu, ba ta isa hukunci ba

Bara, cikin zafin watan Afrilu, mota ta buge ɗan maƙwabcina a kan babur ɗinsa na kabu-kabu, a hanyar da ta fita Damagaram zuwa Tanut. Da muka isa, takalminsa ɗaya yana tsakiyar kwalta, fitilar babur ɗin tana ci. Mutum uku suka rantse mini direban yana warin giya. Yaron ya rayu, da ƙarfe a cinyarsa. Amma babu wanda ya auna direban a daren, kuma jikin mutum yana narkar da barasa kamar giram 0,10 zuwa 0,15 a kowace litar jini cikin awa guda. Kafin gari ya waye, babu sauran abin da za a auna.

Saboda wannan dare nake son ganin na'urar busawa, wadda masu Faransanci ke ce wa alkotes, a hannun kowane jandarma da ɗan sanda da ke tsaye a shingen hanya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne alƙali ya ɗaure mutum da lambar da ta fito a wannan ƙaramar na'ura kaɗai.

Na'urar ba jini take aunawa ba. Numfashi take aunawa, sannan ta yi ƙiyasi a kan cewa barasar da ke cikin kaso ɗaya na jini tana daidai da ta kaso 2100 na iskar huhu. Wannan matsakaicin lissafi ne, jikin wani ya bambanta da na wani. Ga kuma barasar da ke maƙale a baki. Wanda ya kurkure baki da magani mai barasa, ko ya yi gyatsa, zai iya ba da lamba mai yawa alhali jininsa bai kai haka ba. Shi ya sa ake jira minti 15 zuwa 20 kafin awo na gaskiya. Kowace na'ura kuma tana da iyakar zafin da masu ƙera ta suka rubuta, kuma sai an riƙa daidaita ta lokaci-lokaci. A garin da zafi ke wuce digiri 40, wadda ta yi wata shida a aljihun mota cikin rana da ƙurar hunturu, wa zai rantse a kanta?

Ƙasashen da suka daɗe da abin sun raba aikin gida biyu. A Ingila, inda busar hanya ta shiga doka tun 1967, wanda ta nuna ya sha ana kai shi ofishin ƴan sanda ya busa sau biyu a babbar na'ura, kuma lamba mafi ƙanƙanta kotu ke ɗauka. Faransa, wadda muka gaji tsarin shari'arta, ta bambanta na'urar tantancewa da na'urar awo mai lasisi da ake dubawa kowace shekara, ko kuwa a ɗebi jini.

Mu ma gardamar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamanmu na zaure sun san Imamu Malik ya karɓi warin giya a matsayin hujja idan adilai biyu suka shaida, Abu Hanifa da Shafi'i kuwa suka ce wari kaɗai bai isa ba. Dukkansu sun san nauyin abin. A unguwar Birni ko Zango ta Damagaram, idan aka ce kotu ta sami wane da shan giya, ba tarar ce ke ciwo ba. Mai mota zai karɓe makulli, surukai za su ji, ƴaƴansa za su ji a makaranta. Kotun ɗaukaka ƙara tana iya wanke shi bayan shekara, amma ba za ta bi fada-fada tana shela ba.

Wani zai ce kana neman wa mashaya mafita. A'a. Hujja mai rauni ita ce mafitarsu, domin mai kuɗi zai ɗauko lauya ya rushe ta cikin minti biyar, a bar direban tasha da ba shi da kowa. Kuma kada a manta, na'urar ba ta ganin tramol, wanda kowa a garin nan ya san ɓarnarsa a kan babura. Wannan sai gwajin jini, fitsari ko yawu.

Idan na'urar busawa ta nuna ja, a tsayar da motar nan take, a karɓe makulli, a kai direba awo na biyu kafin awa ta shige. Takardar da za ta je gaban alƙali ta ƙunshi lokacin tsayarwa, lokacin busawa, lambar na'urar, ranar da aka daidaita ta ta ƙarshe, da sa hannun direban cewa an gaya masa yana da ikon neman a ɗebi jininsa. Bututun busawar ma a yage ledarsa a gaban idonsa.