Shuɗiyar takardar da muke wucewa ba mu karantawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ku da muke zaune tare a nan Ingila. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don abin ya tsaya mini a rai.

Makonni biyu da suka wuce na shiga ɗan kantin da ke bakin layinmu sayen madara da burodi. Ina fitowa sai idona ya faɗa kan wata shuɗiyar takarda manne a jikin gilashi, tsakanin tallar katin waya da ta caca. Na tsaya na karanta. Ashe mai kantin ne ya nemi ƙaramar hukuma ta ƙara masa lokacin sayar da giya. A yanzu ƙarfe 11 na dare yake dainawa, yana son ya riƙa kaiwa ƙarfe 3. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta ranar da za a rufe karɓar ƙorafi da adireshin da za a aika.

Na ɗauki hoton takardar na tura zauren WhatsApp na Hausawan garinmu. Kafin a jima amsoshi suka fara shigowa. Wannan ya ce "Allah ya kyauta", wancan ya ce "Allah ya shirya mana zuri'a". Amin ga duka. Amma cikin mutum sama da ashirin da suka yi magana, babu wanda ya tambayi ina ake aika ƙorafin. Da yamma wani dattijonmu, wanda duk muke kira Baba saboda ya riga kowa zuwa ƙasar nan, ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka bar maganar nan. Baƙo raɓa ne. Ƙasarsu ce, al'adarsu ce." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma harajin gida da muke biyan ƙaramar hukumar nan duk wata, ba a taɓa rage mana ko kwabo don mu baƙi ne ba. Kuma tagar ɗakin 'ya'yana tana kallon ƙofar kantin nan." Ya yi shiru, sannan ya ce in yi abin da na ga ya dace, amma in yi shi da ladabi. Shi nake ƙoƙarin yi.

Ga yadda abin yake tafiya, don da yawanmu ba mu taɓa bincikawa ba. Dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki gadan-gadan a Nuwamba 2005 a Ingila da Wales, ta ɗauke ikon ba da lasisin giya daga hannun kotunan majistare ta miƙa wa ƙananan hukumomi. Ita ce kuma ta soke tsohon tsarin ƙayyade sa'o'i na ƙasa baki ɗaya, shi ya sa kanti zai iya neman izinin sayarwa har awa 24. Wanda ya nema dole ya manna wannan shuɗiyar takarda inda masu wucewa za su gani, kwana 28 a jere, ya kuma buga sanarwa a jaridar yankin. A cikin kwanakin nan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da jami'an lafiya da masu kula da muhalli suna iya cewa wani abu, haka ni da kai. Tun bayan gyaran da aka yi a 2011 ma ba sai kana maƙwabtaka da kantin ba. Ba a tambayar ka fasfo, ba a biyan ko sisi.

To ga wurin da nake so kowa ya riƙe. Idan kwana 28 suka cika babu wanda ya rubuta ƙorafin da doka ta amince da shi, ƙaramar hukuma ba ta da zaɓi, dole ta ba da lasisin yadda aka nema. Ko zama ba za a yi ba. Kansilan unguwarku na iya ƙin abin har cikin zuciyarsa, babu yadda zai yi. Amma wasiƙa ɗaya tak mai ma'ana tana tilasta a kira zaman kwamitin kansiloli uku, a saurari mai kanti, a saurare ka. Shirun da muke yi muna ganin kawaici ne, a idon doka amincewa ce.

Bari in fayyace matsayina don kada a juya mini magana. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma na san hukuncinta a addinina. Amma ba na neman a hana maƙwabcina Bature sayen kwalbarsa, kuma ban zo ƙasar nan da tunanin za a yi yadda Hisbah ke yi a Kano ba, inda ake tara kwalabe a murƙushe. Can da dokarta, nan da tata. Abin da nake adawa da shi guda ɗaya ne: sayar da giya mai arha a kantin cikin unguwa tsakanin tsakar dare da asuba.

Dalilina daga abin da idona ya gani ne. Aikin dare nake yi a wani ɗakin ajiyar kaya, wani makon in tashi ƙarfe 2. A hanyata akwai wani kanti a wata unguwa da ya riga ya samu irin wannan izini. Wanda ke tsaye a ƙofarsa a wannan lokaci ba mai shirin walimar gobe ba ne. Mutum ne da ya sha tun da yamma, mashaya ta rufe, abin da ke gida ya ƙare, ya fito neman ƙari. A mashaya aƙalla akwai mai gadi a ƙofa, akwai ma'aikatan da ke kallon mai sha, kuma tsadar kofi ɗaya kanta birki ce. A kanti kuwa mutum zai ɗauki gwangwani huɗu da kuɗin da bai kai na kofi biyu a mashaya ba, ya fito ya zauna a kan katangar gidan wani. Daga nan sai ihu, sai fitsari a lungu, sai fasassun kwalabe a hanyar da yara za su bi zuwa makaranta da safe. A watan Yuni, lokacin da asuba ke yi wajen ƙarfe 3 a ƙasar nan, dattawanmu masu tafiya masallaci a ƙasa daidai wannan lokacin suke fitowa. Su wa za su tarar a bakin layi?

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato yaron da ke bayan kanta. Doka ta ce laifi ne a sayar wa wanda ya riga ya bugu, tarar na iya kaiwa fam 1,000. A takarda wannan ya yi kyau. Amma ku sa kanku a matsayin ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi kaɗai a kanti ƙarfe 2 na dare, ga ƙarti uku a buge a gabansa sun ajiye kwalabe a kan kanta. Da wane bakin zai ce ba zai sayar ba? Wasu daga cikin masu irin wannan aiki ƙannenmu ne da suka zo karatu suna neman na haya. Mai kanti yana gida yana barci, riba tasa ce, zagi da barazana na yaron ne.

Ba zan zalunci mai kantinmu ba. Mutumin kirki ne, ya taɓa bin matata da jakar kuɗinta har ƙofar gida da ta manta a kantinsa. Kafin in rubuta komai sai da na je na same shi, don ba na son ya ji daga sama. Ya nuna mini takardar kuɗin wuta, ya yi maganar haya, ya ce manyan kantuna sun cinye cinikin rana, dare ne kawai ya rage wa irinsu. Na yarda da shi. Sai dai kuɗin da zai samu a waɗannan awa huɗu, mu ne za mu biya da barcinmu, kuma ba a yi shawara da mu ba. Na faɗa masa zan rubuta, na faɗa masa abin da zan rubuta. Bai ji daɗi ba, amma mun rabu da musabaha, kuma har yau a wurinsa nake sayen burodi.

Yanzu ga kuskuren da nake tsoron mutanenmu za su yi idan sun tashi rubutawa. Idan ka rubuta cewa giya haramun ce, ko cewa unguwar Musulmi ce, za a ajiye wasiƙarka gefe, ba za ta kai gaban kwamiti ba. Haka idan ka ce kantunan giya sun yi yawa ba a buƙatar ƙari, don doka ba ta duba buƙatar kasuwa. Abubuwa huɗu kawai take saurara: hana laifi da tarzoma, tsaron lafiyar jama'a a wurin, hana damun mutane da hayaniya ko ƙazanta, da kare yara daga cutarwa. Duk abin da za ka faɗa sai ka rataya shi a ɗaya daga cikinsu. Kuma ka faɗi abin da ka gani da rana da lokaci. "Ranar Asabar kaza, ƙarfe 11 da rabi, faɗa ya tashi a ƙofar kantin, ɗiyata ta farka tana kuka, na kira 'yan sanda" ya fi shafi uku na wa'azi nauyi a wurinsu. Kada kuma kowa ya ƙara gishiri. Lauyan mai kanti zai zo zaman, kuma ƙarya ɗaya tana rushe gaskiya goma, ban da cewa sharara ƙarya a irin wannan takarda laifi ne a doka.

Wasu za su ji wannan kamar ɓoye addini ne. Ni ban gan shi haka ba. Kare barcin maƙwabci da kawar da fasasshiyar kwalba daga hanya ai cikin addinin suke. Tsohuwar Baturiyar da ke ƙasan benenmu, wadda ke shan ɗan kofinta da abincin dare, ita ce ta fara sa hannu a tata wasiƙar kafin kowane Bahaushe.

Ku sani kuma, sunanka da adireshinka za su kai ga mai neman lasisin, sai dai in akwai tsoron barazana na gaske, wanda za ka iya bayyana wa jami'in lasisi. Wanda ba ya son tsayawa gaban kwamiti yana iya roƙon kansilan unguwa ya yi magana a madadinsa. Kuma ba lallai sai an ce a hana gaba ɗaya ba. Kwamiti na iya rage sa'o'in, ko ya gindaya sharuɗɗa: ma'aikata biyu bayan tsakar dare, kyamarar tsaro, hana sayar da gwangwani ɗaiɗai, hana giya mai ƙarfi sosai. Garin Ipswich ya fara irin wannan a 2012, inda aka roƙi kantuna su janye giya mai arha da ƙarfinta ya kai kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama, wasu garuruwa suka kwaikwaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dokar kanta ta bar babban giɓi. Lafiyar al'umma ba ta cikin abubuwa huɗun nan. Likita na iya zuwa da bayanin yadda cutar hanta ke kashe mutane a unguwa, a ce masa wannan ba hurumin kwamiti ba ne. Alhali alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna mutum 10,473 ne suka mutu a Birtaniya a 2023 da cututtukan da giya ce kai tsaye ta jawo su, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Ka tsallaka iyaka zuwa Sikotilan, ƙasa ɗaya, sarki ɗaya, sai ka tarar lafiyar al'umma ita ce manufa ta biyar a dokarsu, kuma babu kantin da ke sayar da giya kafin ƙarfe 10 na safe ko bayan ƙarfe 10 na dare. Tun Mayu 2018 suka sa farashin da ba a sauka ƙasa da shi, rabin fam a kowane awo na sinadarin da ke bugarwa a cikin giya, suka ɗaga zuwa kwabo 65 a Satumba 2024. Yawancin mutanen Sikotilan ba Musulmi ba ne, ba kuma su daina sha ba. Sun dai yarda cewa dare yana da nasa hukunci. A nan Ingila gyaran 2011 ya ba ƙananan hukumomi ikon hana sayarwa tsakanin ƙarfe 12 na dare da 6 na safe a yankin da suka ga dama, amma da wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya duba dokar a 2017, ya tarar babu ƙaramar hukuma ko ɗaya da ta yi amfani da shi. Sai aka bar nauyin a kan mazauna layi, kanti bayan kanti, takarda bayan takarda.

Wani abokin aikina ya ce mini shi ma ɗan aikin dare ne, yana da haƙƙin sayen gwangwaninsa idan ya tashi. Na ce yana da shi, kuma kantin a buɗe yake tun safe har 11 na dare, ya saya ya ajiye a firji kafin ya fito aiki.

Na aika tawa wasiƙar ta imel ranar Litinin, an amsa mini cewa ta shiga. Shafi ɗaya ce. Na kawo dare uku da na rubuta ranakunsu, na nemi a bar lokacin a ƙarfe 11 yadda yake, in kuma kwamiti ya ga sai ya ƙara, to kada ya wuce 12, kuma a sa ma'aikata biyu. Saura kwana 9 a rufe. Ranar Asabar bayan Azahar zan zauna a masallaci da kwamfutata. Iyayenmu mata da yayyenmu da Turancin rubutu ke ba wahala, ku zo ku faɗa mini da Hausa abin da kuka gani da ranar da kuka gan shi, in rubuta, in karanta muku, ku sa hannu da kanku. Baba ya ce zai zo.