Abin da ƙwaya ke sauyawa a ƙwaƙwalwa, da dalilin da mari ba ya warkar da shi

A unguwarmu ta Jekadafari da ke cikin garin Gombe akwai wani matashi mai sana'ar acaɓa da ya fara shan tiramadol domin ya jure zirga-zirgar yini, kamar yadda da yawa daga abokan sana'arsa suke yi. Bayan shekara biyu na ji shi da kunnena yana ce wa mahaifiyarsa a zaure: "Wallahi Inna, ni yanzu ba na jin daɗinta, in ban sha ba ne ba na iya tashi." Tsohuwar ta ɗauka ƙarya yake yi don ya kare kansa. Ni kuwa ina ganin gaskiya ya faɗa, kuma a kan wannan gaskiyar ya kamata mu gina yadda muke tunkarar shaye-shaye.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da masana ke kira dofamin, wanda Arvid Carlsson ɗan ƙasar Suwidin ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1950 cewa saƙo yake kaiwa tsakanin jijiyoyi, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2000. An daɗe ana ce masa sinadarin jin daɗi, amma binciken da ya biyo baya, musamman na Kent Berridge a Jami'ar Michigan, ya nuna cewa aikinsa ya fi karkata ga ƙwaɗayi da koyo. Shi ne yake sa ƙwaƙwalwa ta riƙe cewa abu kaza yana da muhimmanci, a koma gare shi. Mai yunwa da ya ji ƙamshin masa a bakin kasuwa, ƙafarsa ta juya kafin ya yi shawara, dofamin ne ya yi aikinsa.

Kayan maye suna shiga wannan hanya ne ta ƙofofi dabam-dabam. Hodar iblis tana toshe hanyar da ake kwashe dofamin bayan ya gama isar da saƙo, sai ya taru ya yi yawa. Kodin da tiramadol, waɗanda suka fi damunmu a nan, suna kwantar da jijiyoyin da ke riƙe wa dofamin linzami, sai ya ɓalle ba mai tsayar da shi. Abinci da fira da riba a kasuwa suna ɗaga shi daidai gwargwado sannan ya sauka, ƙwaya kuwa tana ɗaga shi fiye da kima, kuma kullum aka sha sai ta sake.

A nan ne matsalar take. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda da ambaliya, saboda haka sai ta rage masu karɓar saƙon, kamar mutumin da ya toshe kunnuwa don kiɗa ya yi masa yawa. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka sun nuna raguwar waɗannan masu karɓa a jikin waɗanda suka daɗe suna shan hodar iblis da giya da makamantansu. Sakamakon haka ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu, yayin da tuwon gida da wasan yara da kuɗin da aka samu da gumi duk suke komawa lami. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu kafin a aikata, shi ma yana yin rauni, kuma shi ne sashen da ba ya kammala girma sai an kai wajen shekara 25. Wannan kaɗai ya isa ya nuna haɗarin da yaro ɗan shekara 15 yake ciki in ya fara.

Ba ina cewa mai shan ƙwaya ba shi da laifi ba ne, domin shi ya kai hannu tun farko, kuma masu sayar masa sun cancanci duk hukuncin da hukumar NDLEA za ta nema a kansu. Haramta maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a watan Mayun 2018 mataki ne mai kyau. Sai dai binciken da aka yi a shekarar ta 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da kayan maye a lokacin, kuma babu gidan yari ko gidan mari da zai ɗauke su.

Marin ma, ko da ya raba yaro da ƙwaya na wata uku, ba ya taɓa abin da ƙwaƙwalwarsa ta koya. Dofamin yana haɗa maye da wurin da aka saba sha, da fuskokin abokai, har da lokacin yini. Shi ya sa wanda aka sako fes, ranar da ya koma majalisarsa ta dā ya ga kwalbar lemo tana zagayawa, sai ƙwaɗayin ya taso masa sabo. Iyaye su ce ya ci amanarsu, alhali sun mayar da shi bakin rijiyar da ya faɗa.

Ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa, amma a hankali. A binciken Volkow kan masu shan metamfetamin, wani nau'in kayan maye mai ƙarfi, sai da aka haura shekara ba a sha ba kafin a ga gyara sosai. Don haka abin da nake so gwamnatin jihar Gombe da masu hannu da shuni su sa kuɗi a kai shi ne wuraren jinya masu likitocin ƙwaƙwalwa, inda za a janye mutum daga tiramadol sannu a hankali, domin yanke ta farat ɗaya yana jefa shi cikin rawar jiki da rashin barci da firgici. Bayan sallama kuma a ci gaba da bibiyarsa aƙalla shekara guda, a sama masa sana'a a wata unguwa, limami da mai unguwa su san da zamansa. Matashin Jekadafari yanzu yana wajen kawunsa a Kumo yana koyon walda, wata na bakwai ke nan, kuma har yau mahaifiyarsa ba ta yarda ya zo gida ya kwana ba.