Ta'aziyya Daban, Aƙida Daban: Gardamar 'Yan Mormon da Masu Bishara

Tun ranar Lahadi 28 ga Satumba, 2025, da wani mutum ya afka da mota cikin majami'ar 'yan Mormon a Grand Blanc ta jihar Michigan, ya yi ta harbi sannan ya cinna wa ginin wuta, tsohuwar gardama ta sake tashi a Amurka. Mutum huɗu aka kashe. Shugaba Trump ya kira abin hari a kan Kiristoci, kuma tun hayaƙi bai lafa ba wasu fastocin Bishara, 'yan Ebanjelika, suka hau shafukan sada zumunta suna yi masa gyara, wai 'yan Mormon ba Kiristoci ba ne. Waɗannan ba sai na ɓata tawada a kansu ba. Duk wanda ya shiga gidan makoki yana yi wa mamaci jarrabawar aƙida, tarbiyya ce ta yi masa ƙaranci.

Masu lallashi ne suka fi ba ni haushi. Su ne suka fito suna cewa ai saɓanin bai taka kara ya karya ba, batun mutum ya zama kamar Allah ma magabatan Ikilisiya sun faɗe shi tun ƙarni na biyu, don haka duk tafiyar ɗaya ce. Niyyarsu mai kyau ce, amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma raina hankali ne ga ɓangarorin biyu.

A koma ga abin da Joseph Smith, wanda ya kafa cocin Mormon, ya faɗa da bakinsa. A watan Afrilun 1844, a garin Nauvoo na jihar Illinois, ya tsaya gaban dubban mabiyansa yana wa'azin tunawa da wani dattijo, King Follett, wanda bokitin duwatsu ya faɗo wa a cikin rijiya ya mutu. A nan ya ce Allah kansa a dā kamar mu yake, mutum ne da aka ɗaukaka, kuma dole masu sauraro su koyi yadda za su zama alloli su ma, kamar yadda allolin da suka gabace su suka yi. Ba a cika wata uku ba aka kashe shi a kurkukun Carthage. Lorenzo Snow, wanda ya zama shugaban cocin na biyar, ya dunƙule koyarwar a baiti biyu da kowane ɗan Mormon ya sani: yadda mutum yake yanzu, haka Allah ya taɓa zama, yadda Allah yake yanzu, haka mutum zai iya zama. Littafin wahayinsu, a sashe na 132, ya ce ma'auratan da aka ɗaura wa aure na har abada za su zama alloli, sashe na 130 kuma ya ce Uba yana da jiki na nama da ƙashi irin na mutum.

To ina Atanasiyus ya shigo? Wannan bishop na Iskandariyya, wanda ya rasu a 373, ya rubuta cewa Ɗan Allah ya zama mutum domin mu zama allah. Iraniyus na Liyon ya riga shi faɗin makamancin haka. Da waɗannan jimloli masu lallashi ke yawo, ita ma cocin Mormon ta jingina da magabata irin su Iraniyus a wata maƙala da ta wallafa a shafinta a 2014. Abin da ake tsallakewa shi ne Atanasiyus ɗin nan ya ƙarar da rayuwarsa, har ana korarsa daga kujerarsa ana dawo da shi, yana kare matsayar taron Nikiya na 325, wadda ginshiƙinta shi ne akwai Mahalicci, akwai abin halitta, kuma babu tsanin da zai kai na biyu matsayin na farko. Misalin da malaman wancan zamani ke bayarwa na maƙera ne. A sa ƙarfe a wuta, a yi ta zuga, zai yi ja wur, ya yi zafi, ya ƙona duk abin da ya taɓa, har ka rasa bambance shi da garwashi. Amma ƙarfe ne, a janye shi ya huce a gani. Hasken aro ne, alheri ne aka yi masa. Haka suka fahimci 2 Bitrus 1:4, inda aka ce masu bi za su yi tarayya cikin halin Allahntaka.

Smith ya rushe wannan katangar da gangan. A wajensa Allah bai halicci duniya daga babu ba, ya tsara ta ne daga abin da dama yana nan, kuma asalin hankalin ɗan Adam ba a halicce shi ba, sashe na 93 na littafin wahayinsu ya faɗi haka ƙarara. Allah da mutum jinsi ɗaya ne, ɗaya ya yi nisa a hanya, ɗaya yana baya. Wanda ya ce wannan da na Atanasiyus abu ɗaya ne, ko dai bai karanta ɗayansu ba, ko ya karanta yana fatan mu ba mu karanta ba. Shi ya sa ɗan Bishara, daga Dalas har zuwa Jos inda hedikwatar ECWA take, yake buɗe Ishaya 43:10, inda Ubangiji ya ce ba a yi wani allah kafinsa ba, ba kuwa za a yi bayansa ba, ya ce magana ta ƙare. Ɗan Mormon ya amsa da Zabura 82:6 da Yahaya 10:34, inda aka ce da mutane ku alloli ne. Ana iya kwana ana jan ayoyin nan, amma gardama ce ta gaske a kan wane ne Allah. Fadar Batikan, wadda ke karɓar baftismar Furotesta da yawa, ta yanke a 2001 cewa ta 'yan Mormon ba ta inganta ba. Su ma 'yan Mormon ɗin, duk Kiristan da ya shigo cikinsu sai sun sake yi masa baftisma, domin labarin wahayin farko na Smith ya ce an gaya masa duk aƙidun coci-coci abin ƙyama ne. Ashe ba 'yan Bishara kaɗai suka shata layin ba.

Laifin wannan hazo, rabinsa na shugabannin cocin Mormon ne da ke hedikwatarsu a Salt Lake City ta jihar Utah. A 1997 mujallar Time ta tambayi shugabansu Gordon Hinckley ko har yanzu suna koyar da cewa Allah Uba ya taɓa zama mutum. Sai ya ce bai san suna koyar da hakan ba, bai san suna jaddada shi ba. Shugaban coci, wanda mabiyansa ke kira annabi, bai san abin da cocinsa ke koyarwa ba! Alhali baitin Snow na nan daram a littafin darasin da manyansu maza da mata suka karanta a 2013. Maƙalar 2014 kuwa cewa ta yi ba a saukar da bayani mai yawa a kan rabin farko na baitin ba, saboda haka ba a cika koyar da shi ba. Ba su janye ba, ba su tsaya a kai ba. A gaban 'yan jarida murya ƙasa-ƙasa, a cikin aji kuma ana karantawa.

Ɗaya rabin na 'yan Bishara ne masu son a ce su ne dattawan sulhu. Richard Mouw, lokacin yana shugaban makarantar tauhidi ta Fuller, ya tsaya a babban zauren taron 'yan Mormon a 2004 ya nemi gafara kan ƙarairayin da 'yan'uwansa suka daɗe suna yaɗawa a kansu. Wannan ya yi daidai, don an yi ƙarya da yawa, musamman zanen barkwancin nan na kowa zai samu duniyarsa ya yi sarauta. Amma daga baya ya wuce gona da iri, ya riƙa cewa suna matsowa kusa da sahihiyar aƙida. Yin shiru a kan koyarwa ai ba barinta ba ne. Na siyasa kuwa sun fi ban kunya. A 2011 fasto Robert Jeffress ya kira addinin Mormon ƙungiyar ɓata. A Oktoban 2012, da Mitt Romney, ɗan Mormon da ke takarar shugabancin Amurka, ya ziyarci shahararren mai wa'azin Bishara Billy Graham, sai ƙungiyar Graham ta goge irin wannan lafazi daga shafinta na intanet, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na fararen 'yan Bishara suka zaɓi Romney. Babu aya ko ɗaya da ta canza a tsakani, zaɓe ne ya matso. Kuma kafin su ci gaba da nuna Utah da yatsa, su leƙa tashoshinsu na talabijin, inda masu wa'azin arziki irin su Kenneth Copeland suka shekara suna gaya wa mabiya cewa su ƙananan alloli ne.

Abin yi bai da wuya. 'Yan Bishara su yi ta'aziyya ba tare da sharaɗi ba, su ajiye muhawara sai an share makoki. Shugabannin Mormon kuma su daina noƙe-noƙe. Sabon shugabansu, Dallin Oaks, wanda ya gaji Russell Nelson a Oktoban 2025, tsohon alƙalin kotun ƙolin jihar Utah ne, ya san bambancin amsa da kauce wa tambaya. Shi ne ya faɗa a babban taronsu na 1995 cewa tauhidinsu ya fara ne da iyaye na sama, kuma babban burinsu su zama kamar su. Tambayar da aka yi wa Hinckley a 1997 har yau tana jiran i ko a'a, kuma yanzu a kan teburin Oaks take.