Ɗanyen hoto ba ya dahuwa da surutu

Shekaranjiya bayan la'asar wani yaro ya faɗo mini shago da kwamfuta a hammata, ido ya kaɗa ya yi ja. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, ina jin jabun kyamara aka sayar mini." Na ce, "Zauna tukuna ƙanena, ka sha ruwa." Ya buɗe mini hotunan da ya ɗauko a Dutsen Kufena. A bayan kyamara, in ji shi, ciyawa kore shar, sama shuɗiya kamar an tsoma ta a marinar Ƙofar Mata. Yana zuba su a Lightroom, manhajar gyaran hoto, sai launin ya ɗan tsaya, kafin ya ƙifta ido ya gudu, ya bar masa hoto koɗaɗɗe kamar zanen da ya sha wanki. Na tambaye shi wa ya saita masa kyamarar. Ya faɗi suna, ya faɗi kuɗin da ya biya a "ajin sirrin launi". Salati kawai na yi.

Ba zan kama sunan kowa ba. Su oga mai sirri dai sun san kansu, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sirrin da aka sayar wa yaron nan shi ne ya zaɓi Vivid, saitin da ke ƙara wa launi ƙarfi, ya murɗa kaifi da ƙarfin launi har ƙarshe, wai RAW ɗinsa zai fito a dafe. RAW kuwa ɗanye ne, sunansa ma ke nan. Abin da sensa, wato idon kyamara mai kama haske, ta gani ne aka ajiye ba gishiri ba magi. Saitunan launi irin Picture Control na Nikon da Picture Style na Canon a kan JPEG suke aiki, wato hoton da kyamara ta riga ta dafa. Cikin kowane fayil na RAW akwai ɗan JPEG da kyamara ke cusawa, shi kake kallo a bayanta kana washe baki, shi ne kuma Lightroom ya nuna wa yaron kafin ya dafa nasa. Saitin launin yana nan a rubuce a fayil ɗin, manhajar kamfanin kamar NX Studio ta Nikon ko DPP ta Canon za ta karanta ta bi, amma rubutu ne kawai. Kamar a aiko maka da ɗanyen nama daga mahauta da 'yar takarda an ce "a zuba yaji da yawa". Takardar ba yaji ba ce. Haka daidaiton fari, wanda ke sa hoto ya yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi, a kwamfuta kana juya shi yadda ka so ba asarar komai. Dalilin wahalar ɗaukar RAW ma ke nan: JPEG mataki 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384.

Da wasu suka ɗan taɓa oga a kan wannan, sai ya yi tsalle ya dira a ɗaya gefen. Yanzu wa'azin shi ne, "In kana RAW ba ruwanka da saiti, danna kawai, a gida za a gyara." Wannan ta fi ta farko muni, don ta farko kuɗin yara ta ci, wannan hotunansu za ta ci.

ISO, wato yadda kyamara ke ƙara ƙarfin hasken da ta kama, da ƙofar haske da saurin shata, waɗannan a jikin naman suke, ba a takarda ba. Bara da damina mun je Gurara cikin ayari, ruwa ya cika yana tumbatsa. Wani gwani ya manta ISO ɗinsa a 6400 tun daga dinar bikin da ya ɗauka daren jiya, ya kuma nace sai ya rage saurin shata don ruwa ya yi laushi kamar auduga. Kumfar ruwan ta ƙone fat. Ya kwana yana jan sandar rage haske a kwamfuta, farin ya koma toka, babu zaren ruwa ko ɗaya a ciki. Abin da sensa ba ta kama ba, ko wace manhaja ka kawo ba za ta haifo shi ba. Washegari aka ce mana rana ce ta yi yawa.

Ga kuma inda wancan Vivid ɗin ke cizo ta bayan gida, wanda ban taɓa jin an koyar a ajin sirri ba. Jadawalin hasken da kyamara ke nuna maka, da ƙyaf-ƙyaf ɗin da ke gargaɗin cewa fari ya ƙone, daga wannan ɗan JPEG ɗin ake lissafa su. In ka cika masa ƙarfin launi da bambancin haske, zai yi maka ihun gobara alhali RAW ɗin da sauran wuri. Sai ka tsorata ka rage haske, ka dawo gida ka ɗaga inuwa, hoto ya cika da tsaki-tsaki. Shi ya sa nake barin tawa a Neutral. A bayan kyamara ba kyau, amma ba ta yi mini ƙarya sosai. Akwai ma 'yan saituna da ke taɓa ɗanyen kai tsaye. Highlight Tone Priority na Canon, in ka kunna shi, ba za ka iya sauka ƙasa da ISO 200 ba. Mai rage tsaki na doguwar ɗauka kuma, in ka buɗe shata daƙiƙa 30, sai kyamara ta ƙara wasu 30 tana ɗaukar duhu ta cire daga hoton. Na san wanda ya zaci tasa ta sandare, ya zare batir.

Sai maganar gilashi, inda aka fi yi mana gori. An ce wanda ba shi da gilashi mai faɗi na 16-35mm kada ya kira kansa mai hoton tsaunuka, an kuma kira tawa kayan gwanjo. Ban musa ba. Nikon D7100 ce, samfurin 2013, da 70-300mm da na saya na hannu, robar jikinsa har ta fara saki.

A watan Disamba mun tsaya gefen hanyar Kaduna zuwa Abuja, wajen Madalla, Dutsen Zuma na kallonmu cikin hazo. Dutsen da ke bayan tsohuwar naira ɗari, wanda direba ke hangowa tun daga nesa. Aka zaro gilashi mai faɗi mai jan zobe, alamar mai tsada, aka juya shi yadda kowa zai ga zoben, aka tsaya a 16mm. Gilashi mai faɗi aikinsa ya kumbura abin da ke kusa, ya ƙanƙantar da na nesa. Zuma ya fito kamar curin fura a tsakiyar faifai, rabin hoton kwalta ce da wayoyin lantarki da keyar wani mai sayar da rake. Ni na ja baya na kafa mai ƙafa uku, na zuƙo a 135mm, wanda a ƙaramar sensa irin tawa yake kamar 200mm a babbar sensa. Dutsen ya cika hoton, fuskar nan da ake faɗi ta fito, bishiyoyin gindinsa suka jeru layi bayan layi, kowane layi ya fi na gabansa dusashewa. Hazon da wani ya ɗora wa laifi, shi ya yi mini hoton.

Kada a ce na kushe gilashi mai faɗi. Ina son sa. Amma sai da abu a gabanka da za ka durƙusa ka kusanta, wani ƙaton dutse mai tsaga, ko ruwa kwance a kan fa. In babu, fili ka ɗauko da sama. Ka ɗaura masa matacin ƙyalli kuma a 16mm, sama ta fito da baƙin tabo a gefe guda kamar an yi ɓarin shuni.

Ita kuma f/22, matsattsiyar ƙofar haske da ake rantsuwa da ita wai don komai ya yi kaifi, ƙofa in ta matse haka haske bazuwa yake, hoto ya yi laushi gaba ɗaya. Tsakanin f/8 da f/11 yawancin gilasai suka fi cizo. Abin da f/22 ke fitowa da shi tar shi ne ƙurar da ke kan sensa. Ɗigo-ɗigon nan guda bakwai da ke saman Zuma a hoton da aka liƙa mana, wanda masoya suka yi ta yabon "tsuntsaye", suna nan a wuri ɗaya a hoton Gurara, suna nan a hoton amarya. Tsuntsayen akwai biyayya.

Yaron dai kyamararsa lafiya lau. Minti goma muka yi a kan hoto ɗaya ciyawarsa ta dawo, ya tafi yana dariya yana lissafin kuɗin aji. Ranar Asabar bayan sallar asuba za mu koma Kufena ni da shi, ba ko sisi. Wanda ya tsargu yana iya zuwa, akwai wuri a mota. Ya taho da memorinsa mu buɗe ɗanyen a gaban yara, ya kuma riƙo abin goge sensa.